Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Injin Walda na MIG Don Aikin Sha'awa da Ƙaramar Sana'a

Yawancin masu sayen injin MIG na farko lambar amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da inji ke bayarwa, da ke jikin kwali suke fara dubawa. Ita kuwa ya kamata ta zo ta uku ko ta huɗu. Kaurin ƙarfen da za ka riƙa haɗawa, ƙarfin wutar da ke wurin aikinka, ingancin sashen da ke tura waya, da samuwar kayan canji, su ne za su nuna ko injin zai yi maka aiki ko zai zauna a lungu.

Mene ne waldar MIG, kuma me ya raba ta da waldar sanda?

A waldar sanda kai ne kake matso da sandar yayin da take cinyewa, kuma hodar da ke jikinta ce ke kare narkakken ƙarfe daga iska. A MIG kuwa siririyar waya ce naɗe a kan faifai a cikin injin. Da ka danna kunamar bindiga, wato abin waldar da ake riƙewa a hannu, ƙaramar motar lantarki da ke cikin injin za ta turo wayar, wuta ta kama, gas kuma ya fito ta bakin bindigar ya lulluɓe wurin da ke narkewa. Babu tsayawa don canza sanda, babu ɓawon da za a ƙwanƙwashe bayan an gama, kuma ana iya haɗa ƙarfe mara kauri, irin na jikin mota, ba tare da an huda shi ba.

Amma MIG ba ta son iska, ba ta son tsatsa, fenti ko maiƙo. Wanda aikinsa duk a fili yake, a kan tsohon ƙarfe mai datti, sau da yawa waldar sanda ta fi masa sauƙi.

Amfiya nawa nake buƙata?

Ƙa'idar da ake aiki da ita a baƙin ƙarfe ita ce kusan amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kauri, idan ana son haɗawa a zubi ɗaya. Wato milimita 1 na son kusan 40, milimita 3 kusan 120, milimita 5 kusan 200. Idan kauri ya wuce milimita 6, ba a dogara da zubi ɗaya. Ana fere gefen ƙarfen a buɗe shi, a yi zubi biyu ko uku.

Saboda haka mai gyaran jikin mota da ƙananan kayan ado, injin 130 zuwa 160 ya ishe shi. Mai yin ƙofofi, tagogi, gadaje, tebura da kekunan tura kaya da bututu mai kaurin milimita 1.5 zuwa 4, injin 180 zuwa 200 ne daidai da shi. Wanda ke taɓa tirela, kayan noma ko faranti mai kauri a kai a kai, ya nemi 250 zuwa sama.

Akwai lambar da ba a cika kula da ita ba: mafi ƙarancin amfiyar da injin zai iya sauka. Falle mai kaurin milimita 0.8 yana buƙatar inji ya sauko zuwa 30 ko kusa da haka, wutar kuma ta zauna daram. Inji mai ƙarfi da ba ya iya sassautawa zai yi ta huda falle ne kawai, komai ƙwarewar mai riƙe da bindiga.

Me lambobin kashi cikin ɗari da ke jikin farantin bayanan inji ke nufi?

Wannan ita ce juriyar aiki, kuma nan ne ake gane gaskiyar inji. Ana auna ta a kan minti 10. Idan an rubuta 200A a 20%, ma'anarsa injin zai yi walda minti 2 a kan amfiya 200, sannan ya huta minti 8. Idan ka matsa masa, na'urar kariyar zafi za ta yanke wuta har sai ya huce.

A farantin za ka ga layi mai alamar X, ƙarƙashinsa 20% ko 30%, da 60%, da 100%, kowanne da amfiyarsa. Duba ta 60%, domin ita ce ta fi kusa da yadda ake aiki a shago. Injin da ke ba da 200 a 20% yawanci bai wuce 115 a 60% ba, kuma kusan 90 a 100%. Ka ga ke nan injuna biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya na "200", alhali ɗaya ya kusa ninka ɗaya a wurin aiki.

Sai kuma zafin da aka yi gwajin a ciki. Ƙa'idar IEC 60974-1 ta ce a auna a digiri 40. Wasu masu ƙera injuna masu araha suna aunawa a digiri 20 ko 25 don lambar ta yi kyau. Idan faranti ko littafin inji bai faɗi zafin gwaji ba, ka ɗauka lambar ta fi gaskiya kyau. Ga mai aikin sha'awa 20% zuwa 30% ba laifi, tun da aunawa da yanka da gurzawa sun fi cin lokaci. Ga mai sana'ar da zai jera ƙofofi a yini, ƙarancin juriya asarar lokaci ce tsagwaronta.

Wutar da nake da ita za ta ɗauki injin? Janareta fa?

A farantin akwai lambobi biyu: I1max, mafi yawan abin da injin ke ja daga soket, da I1eff, matsakaicin abin da yake ja idan an haɗa da hutunsa. Da ta biyun ake zaɓen bireka da kaurin waya. A wuraren da wutar gida take bolt 110 zuwa 120, ƙananan injuna ba sa wuce amfiya 140 ko kusa da haka. A wuta mai 220 zuwa 240, injin 160 zuwa 180 yakan zauna a layin amfiya 16, amma injin 200 da aka buɗe gaba ɗaya zai iya jan 25 zuwa 35, sai an ja masa layinsa na kansa. Manyan injunan masana'anta kuwa yawancinsu wuta mai layi uku suke so.

Doguwar siririyar waya daga soket zuwa inji tana rage ƙarfin wuta. Kada ta gaza murabba'in milimita 2.5, idan kuma ta wuce mita 20 a koma 4. A warware ta gaba ɗaya daga kan abin naɗinta, domin a naɗe zafi take yi.

Game da janareta, injin 200 na son wanda bai gaza kVA 8 ba, mai na'urar daidaita wuta ta AVR. Abin da ke kashe injunan inbata, wato marasa nauyi masu aiki da allon lantarki, shi ne tsallen da wutar janareta ke yi a daidai lokacin da aka saki kunama. Kada a tayar da janareta ko a kashe shi injin walda na kunne. Injin da aka rubuta masa PFC, wato na'urar da ke daidaita yadda yake jan wuta, ya fi jure wuta mai hawa da sauka, kuma ba ya ja da yawa kamar wanda ba shi da ita. Idan wutar wurinka ba ta da tabbas, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin.

Inbata ko taransifoma?

Mai taransifoma nauyi gare shi, galibi a kan taya yake, kuma ana canza ƙarfinsa mataki-mataki, huɗu ko shida ko goma. Kayan cikinsa kaɗan ne, yana daɗewa, kuma kusan kowane mai gyaran lantarki zai iya duba shi. Inbata kuwa ba ta da nauyi, kilo 10 zuwa 15 ne yawancinsu, ba ta cin wuta sosai, ana murɗa ƙarfinta a hankali zuwa inda ake so, kuma wutarta ta fi laushi a ƙarfe mara kauri. Rauninta allon lantarki ne: ƙurar gurza ƙarfe, danshi da wuta mara kyau suna kashe shi.

Ga yawancin masu saye a yau inbata ce ta fi dacewa, da sharaɗin akwai garanti na gaske da wanda zai iya samo allon idan ya ƙone. Idan babu wannan, tsohuwar taransifoma mai lafiya ta fi sabuwar inbata mara asali.

Dole ne sai da gas?

A'a. Akwai waya mai hoda a cikinta, irin E71T-11 da E71T-GS, wadda ke samar da kariyarta da kanta. Tana aiki a fili ko da iska na kaɗawa, tana shiga ƙarfe sosai, kuma ba ka ɗaukar tukunyar gas. Sai dai tana da hayaƙi da tartsatsi da yawa, tana barin ɓawo, ta fi tsada a kilo, kuma ba ta da daɗi a ƙarfen da bai kai milimita 1.5 ba.

Abin lura shi ne juyin wuta. Waya zalla mai gas tana son bindiga a fosatif. Waya mai hoda mara gas tana son bindiga a negatif. Idan aka bar su a juye, tartsatsi zai yi yawa, waldar ta tsaya a sama ba ta kama ba. Don haka a sayi injin da ake iya juya masa wayoyin, a ciki kusa da faifai ko a gabansa. Injin da aka ƙera don waya mai hoda kaɗai, ba shi da bawul ɗin gas, yana da araha, amma ranar da ka so tsabtataccen aiki sai ka sake sayen wani.

Wane gas ya dace?

Ga baƙin ƙarfe, gaurayen argon da CO2 ne ya fi kyau: kashi 75 da 25, ko 80 da 20, ko 82 da 18. Tartsatsi kaɗan ne, fuskar walda sumul. CO2 zalla ya fi araha kuma ya fi shiga ƙarfe, amma wutarsa ta fi kaushi, tartsatsi ya fi yawa, kuma ragileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas a bakin tukunya, kan yi ƙanƙara idan an daɗe ana aiki, shi ya sa ake samun mai na'urar ɗumamawa. Alminiyam argon zalla yake so. Ƙarfe mara tsatsa kuwa argon mai CO2 kashi 2 ko kusa da haka. Kada a sa argon zalla a baƙin ƙarfe, wutar za ta yi ta yawo, waldar ta tsaya tsololo ba ta baje ba.

Gudun gas lita 8 zuwa 12 a minti ya isa ga waya mai kaurin milimita 0.8 a cikin rumfa. Ƙara shi fiye da kima ba ya ƙara kariya, sai ma ya hautsina iskar waje ta shiga cikin narkakken ƙarfe. Don lissafi: tukunya mai lita 20 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da kusan lita 4,000, wato a lita 10 a minti za ta ba ka kimanin awa shida da rabi na walda tsantsa. Kafin ka sayi inji, ka tabbatar da inda za ka riƙa cika tukunya da irin bakin ragiletar da ta dace da ita, domin a wurare da yawa na CO2 da na argon ba ɗaya ba ne.

Wace waya zan fara da ita?

ER70S-6 mai kaurin 0.8. Tana ɗaukar aiki daga kusan milimita 1 zuwa 5. Ta 0.6 ta jikin mota ce, ta 1.0 kuma ta ƙarfe mai kauri a inji 200 zuwa sama. Faifan waya na zuwa a kilo 1, 5 da 15. Injin da ke ɗaukar kilo 1 kaɗai zai gajiyar da kai, kuma ƙaramin faifai ya fi tsada a kilo. Mai kilo 5 shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata mai sana'a ya karɓa. Waya tana tsatsa idan ta sha danshi, tsatsar kuma ita ke toshe bututun bindiga, don haka idan za a daɗe ba a yi aiki ba a cire faifan a ɗaure a leda.

Me ya sa ake cewa a buɗe gefen inji a duba kafin a saya?

Saboda yawancin matsalolin MIG daga turin waya suke tasowa. A MIG gudun waya shi ne ke ƙayyade amfiya. Idan wayar na tafiya tana tsayawa, wutar ma haka za ta yi, kuma babu saitin da zai gyara wannan.

Ka duba jikin sashen da ke riƙe da rola, wato ƙananan tayoyin ƙarfe da ke matse waya suna tura ta. Na ƙarfe ko alminiyam ya fi na roba, wanda ke lanƙwasa idan an ɗaure shi kuma yana tsagewa da daɗewa. Ka duba maɗaurin matsi, ya kasance mai lambobi don ka iya komawa inda kake. Rola biyu sun isa ga bindiga mai mita 3. Rola huɗu sun fi kyau ga doguwar bindiga da waya mai laushi. Su kansu rolar iri uku ne: mai tsagi kamar V ta waya zalla, mai haƙora ta waya mai hoda, mai tsagi kamar U ta alminiyam. Kowace tana da lambar kaurin waya a gefenta, kuma dole ta dace da wayar da ke ciki. Ka tambaya ko ana samun rolar wannan injin a kasuwa, domin wasu ƙananan injuna nasu girman daban ne.

Matsin rola kuma ba a ɗaure shi tamau. Hanyar gwaji: ka nufi bakin bindiga ga katako daga nisan 'yan santimita, ka danna. Wayar ta lanƙwashe ta ci gaba da fita. Idan kuma aka tare ta gaba ɗaya, rolar ta zame a kanta. Idan matsi ya yi yawa, da waya ta maƙale a gaba sai ta cukurkuɗe a bayan rola, ka yanke ka sake zurawa. Birkin faifai ma haka: a ɗaure shi daidai yadda faifan zai tsaya idan an saki kunama, ba fiye da haka ba.

Bindiga fa?

Nemi injin da bindigarsa ke cirewa, musamman mai mahaɗin Euro, wanda ya haɗa wuta, gas, waya da kunama a soket ɗaya. Bindigar da aka dasa a jikin inji idan ta lalace gyaranta wahala ne. Samfurin MB15 ya dace da aiki har kusan amfiya 150, MB25 kuma har kusan 200 zuwa 230, kuma kayan canjinsu sun yaɗu sosai. Abubuwan da ke cinyewa su ne tif na jan ƙarfe da waya ke bi ta cikinsa, nozul da ke tattara gas, da laina, wato bututun da waya ke bi a cikin igiyar. Ka sayi tif goma tun ranar farko, masu lamba ɗaya da wayarka. Ka duba maƙalin da ake kamawa a jikin aiki, domin a injuna masu araha yakan zama siririn gwangwani. Canza shi da mai haƙoran tagulla ƙaramin kuɗi ne da ke gyara wuta sosai.

Ina ganin an rubuta Synergic ko Pulse. Suna da amfani?

Na farko yana nufin ka faɗa wa injin irin waya, kaurinta da gas, ka zaɓi kaurin ƙarfe, shi kuma ya daidaita bolt da gudun waya. Yana taimakon sabon shiga ƙwarai, muddin injin ya bar ka ka ƙara ko ka rage da hannunka. Na biyu yana harba wuta bugu-bugu don rage zafi da tartsatsi, amfaninsa ya fi fitowa a alminiyam da ƙarfe mara tsatsa. Mai haɗa ƙofofin baƙin ƙarfe ba ya buƙatarsa.

Injin da ya haɗa MIG da sanda yana da amfani sosai, tun da zai ba ka damar aiki a fili. Amma TIG ɗin da ke zuwa a irin waɗannan injuna, wato wata hanyar walda ta daban, yawanci na DC ne, ba ya walda alminiyam.

To zan iya walda alminiyam da MIG?

Za ka iya, daga kusan milimita 2 ko 3 zuwa sama, da shiri na musamman. Wayar tana da laushi, ba ta son turi mai nisa. Ana buƙatar argon zalla, rola mai tsagin U, lainar teflon, gajeriyar bindiga a miƙe, da tif mai ɗan faɗi saboda wayar na kumbura da zafi. Waya 5356 ta fi 4043 tauri, ta fi sauƙin turawa, kuma 1.0 ko 1.2 ta fi 0.8 biyayya. Mafi sauƙi shi ne bindiga mai ɗauke da ƙaramin faifai a kanta, idan injin yana da soket ɗinta. A goge wurin da buroshin ƙarfe mara tsatsa wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Alminiyam na shan zafi da sauri, don haka injin da bai kai 180 zuwa 200 ba zai gaza.

Waldata ba ta kyau. Injin ne ko ni ne?

Galibi saiti ne ko shiri. Idan saiti ya yi daidai a ƙarfe mara kauri, ƙarar wutar ba ta yankewa, kamar ana suya a mai mai zafi.

Ƙananan ramuka a fuskar walda na nufin gas bai rufe ba: tukunya ta ƙare, tiyo na yoyo, nozul ya cika da tartsatsi, iska ko fanka na kaɗawa, ko ƙarfen na da fenti da maiƙo. Idan waya na dukan ƙarfe tana ture hannunka baya, gudunta ya yi yawa ko bolt ya yi kaɗan. Idan ta narke ta manne a tif, gudunta ya yi kaɗan, ko tif ya cinye, ko laina ta toshe. Idan ƙarfe na hujewa, a rage wuta, a koma siririyar waya, a riƙa yin ɗigo-ɗigo ana barin wuri ya huce. Tsawon wayar da ke leƙowa daga tif ya zama kusan milimita 10 a waya zalla, 15 zuwa 20 a mai hoda.

Mafi haɗari ita ce waldar da ta yi kyau a ido amma ba ta narke cikin ƙarfen ba. MIG ta yi suna da wannan, musamman idan an sa ƙaramin inji a ƙarfe mai kauri. Kafin ka yi abin da zai ɗauki nauyi ko rai ya dogara da shi, ka haɗa guntaye biyu masu kauri ɗaya da aikin, ka ɗaure a bais ka doke su da guduma har su karye ko su lanƙwashe, ka ga inda waldar ta kai.

Waɗanne kayan kariya zan sa a lissafi?

Hular walda mai duhu lamba 10 zuwa 13, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga ko fata, takalmi rufaffe, da abin kashe gobara a kusa. Hasken MIG na ƙona fata da ido cikin ɗan lokaci, har na wanda ke tsaye a gefe. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, don haka iska ta riƙa ratsa wurin aiki, kanka kuma ya kauce wa hayaƙin. Ƙarfe mai rufin tutiya a gurje rufin kafin walda, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Kada a wanke ƙarfe da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafi da hasken walda na mayar da shi iskar fosjin mai kisa. Tukunyar gas a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai ba a kai masa wuta don kawai an ga babu komai a ciki.

Idan na hannu zan saya, me zan gwada?

Kada ka biya sai an kunna an yi walda a gabanka. Ka zo da guntun falle na milimita 1 da faranti na milimita 5, ka gwada mafi ƙarancin wuta da mafi yawa. Ka murɗa gudun waya daga ƙasa zuwa sama kana sauraren motar, kada ta yi tsalle ko ta canza murya da kanta. Ka danna kunama ka ji ƙarar bawul ɗin gas yana buɗewa yana rufewa. Ka tabbatar fanka na juyawa. Ka cire filogi, ka leƙa ciki ta ramukan iska ko akwai alamar ƙuna, tsatsa ko tarin ƙurar ƙarfe. A mai taransifoma ka bi kowane mataki na makunnin ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, domin wani matakin kan mutu sauran na aiki. Bindiga da ta tsufa ba dalilin fasa ciniki ba ne idan mai cirewa ce, sai dai a rage kuɗinta daga farashi. Idan an haɗa maka da tukunyar gas, ka bincika ko mallakar mai sayarwa ce ko ta haya ce daga kamfanin gas, ka kuma duba ranar gwajinta na ƙarshe da aka buga a kafaɗarta, domin masu cikawa kan ƙi karɓar wadda wa'adinta ya wuce.